Bawul na Bakwai

Ranar Talata aka kashe katinsa.
Ya kara shi a ƙofar tasha, fitila ta yi ja,
mai gadin da suka shekara sha tara suna gaisawa
ya sunkuya, wai yana ɗaure igiyar takalmi.

Eusebio Ledesma, ma'aikacin dare
a tashar nukiliya ta bakin kogin Paraná.
An ce ya sa hannu ya duba bawul na bakwai
alhali ƙafarsa ba ta taka ɗakin famfo ba.
An ce. Gari ya ɗauka.
Kafin Laraba mai burodi ya rufe wa matarsa littafin bashi,
Alhamis yara suka janye kujerunsu daga na 'yarsa,
sai ka ce zargi ma tururin guba yake fitarwa.

Ni aka miƙa wa fayil ɗin,
ni Nélida Barrionuevo, mai sauraron ƙara,
da wasiƙa a samansa: a gaggauta.
Kada ku zaci ban san tsoro ba.
Ruwan kogin nan nake dafa shayina da shi,
jikokina a cikinsa suka koyi iyo,
na san bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.
Amma makaho har da alƙalin
da ya yanke bai duba ba.

Na ce a rubuta masa tuhumar baƙi da fari,
rana kaza, ƙarfe kaza, ƙa'ida lamba kaza.
A ba shi kwana goma sha huɗu, da lauya,
da duk takardar da sifeto ya karanta,
har wadda bai so ba.
Manaja ya buga tebur:
rai dubu nawa za ki auna da mutum guda?
Na ce ku tsare shi daga injin, wannan rigakafi ne.
Sunansa kuwa ku bar mini shi
sai na ji bakinsa.

Ya zo da kwat ɗin aro, hannun ya yi masa gajere.
Takardarsa ta ce biyu da minti goma na dare.
Na'urar ƙofa ta ce ba wanda ya shiga
sai uku saura tara.
Lauyarsa, yarinya ce, muryarta na rawa,
ta tambayi sifeto abu ɗaya tak:
da wane agogo ake rubuta lokaci a ɗakin nan?
Shiru ya sauko kamar an rufe tukunya.

Muka sa hular kwano muka gangara.
Ga shi a bango, fari, yana tafiyarsa a natse,
minti arba'in da ɗaya a bayan duniya.
Sau biyu Ledesma ya kai kukansa a rubuce.
Sau biyun suna kwance a aljihun tebur, ba hatimi.

Bai fita fes ba, kada in yi muku ƙarya.
Ƙa'ida ta ce mutum biyu ke duba bawul,
shi kaɗai ya je, da bakinsa ya faɗa,
don an tura abokin aikinsa wani sashe.
Na yanke masa daidai wannan, ban ɗora ƙwaya ba:
wata guda a gida, da komawa horo,
ƙofar ɗaukaka ƙara kuma a buɗe take.

Da dare na kasa barci.
Da mun kore shi tun ranar Talata
da kowa ya yi ajiyar zuciya, ya ce an kama mai laifi,
agogon kuwa yana nan bisa bango
yana yi wa na gaba da shi ƙarya.

An sauya agogo. Kati ya koma kore.
Mai burodi dai har yau
in ya hango matar Ledesma
sai ya shiga lissafin canji.